Subrata Mitra, mai ɗaukar hoton da ya koyi aiki da ido

Mu nan in ana hirar fim ɗin Indiya jarumai kawai muke ambata, ba wanda ke tuna mutumin da ke bayan kyamara. Yau dai shi zan ɗauko muku. Sunansa Subrata Mitra, an haife shi a birnin Kalkata a 1930.

Bai je makarantar koyon fim ba. Kyamarar hoto ta hannu kawai ya iya. A wajajen 1950 wani daraktan Faransa, Jean Renoir, ya zo Kalkata ɗaukar fim mai suna The River. Mitra ya nemi aiki, bai samu ba, aka dai bar shi ya tsaya ya yi kallo. To kallon nan fa shi ne makarantarsa. Kullum yana gefe da littafi, yana zana inda aka ajiye kowace fitila da inda kyamara take. Har ta kai wata rana mai ɗaukar fim ɗin, Claude Renoir, ya nemi littafin yaron don ya duba yadda suka jera fitilu kafin su sake ɗaukar wata fitowa. Wallahi wannan wurin ya fi burge ni a duk tarihinsa.

A nan ya haɗu da Satyajit Ray, wanda a lokacin ma'aikacin kamfanin talla ne mai burin yin fim. Da Ray ya tashi yin Pather Panchali sai ya damƙa masa kyamara. Shekarunsa 21, kuma bai taɓa ɗaukar hoto mai motsi ba. Daraktan ma sabon shiga ne. Kuɗi ya yi ta yankewa, aikin ya ɗauki kusan shekara uku, sai da gwamnatin jihar Bengal ta Yamma ta sa hannu. Fim ya fito a 1955, a 1956 ya ci kyauta a bikin Kan na Faransa.

Abin da ya sa masu sana'ar ke girmama shi ya faru ne a fim na biyu, Aparajito. Labarin na buƙatar tsakar gida irin ta birnin Banaras, wadda haske ke saukowa daga sama a tausashe, ba inuwa mai kaifi. Saboda tsoron ruwan damina sai aka gina gidan a cikin situdiyo. Matsalar ita ce fitilun situdiyo dukan fuska suke kai tsaye, kowa ya yi inuwa biyu ko uku a bango, da gani ka san ƙarya ce. Sai Mitra ya sa aka shimfiɗa farin ƙyalle a saman ginin, ya juya fitilun suna kallon ƙyallen. Hasken ya daki ƙyalle ya dawo ƙasa a sanyaye, tamkar na sararin sama. Na gwada da farin zanin gado da fitila ɗaya a ɗakinmu, da wayata. Fuskar ƙanina ta fito sumul, ba wannan ƙyallin goshin da ke ɓata mana hotuna. Fim ɗin kuwa ya ci babbar kyautar bikin Benis a 1957.

Zancen kala kuma, a zamaninsu ba kwamfuta. A ɗakin wanke fim ake gyara ta, ana ƙara ko rage hasken ja, kore da shuɗi wurin bugawa. Ke nan abin da ba ka samu a wurin ɗauka ba, da wuya ka ceto shi daga baya. Shi ya ɗauki Kanchenjungha a 1962, fim mai kala na farko da Ray ya yi. Ni a ganina masu cika kala a bidiyon waƙoƙinmu har fata ta koma ruwan lemo, su ne suka fi buƙatar kallon aikinsa.

Fim goma ya yi da Ray, na ƙarshe Nayak a 1966, daga nan suka rabu. Masoya Raj Kapoor kuma, shi ya ɗauki Teesri Kasam. A 1986 gwamnatin Indiya ta ba shi lambar Padma Shri. Daga 1997 ya koma koyarwa a makarantar fim ta Kalkata mai ɗauke da sunan Ray, yana can har ya rasu a watan Disamba na 2001.