Susanna Wesley: Uwar da Ta Mai da Gidanta Makaranta

Yawancin masu bi sun san sunan John Wesley, wanda ya kafa Ikkilisiyar Metodis, da ƙanensa Charles, wanda ya rubuta waƙoƙin yabo fiye da 6,000. Kaɗan ne suka san cewa makarantarsu ta fari ɗaki ne a gidan ubansu, malamarsu kuwa mahaifiyarsu ce, Susanna.

An haifi Susanna a birnin Landan na ƙasar Ingila ran 20 ga Janairu, 1669. Mahaifinta, Dokta Samuel Annesley, mai wa'azi ne sananne cikin waɗanda suka rabu da Ikkilisiyar Ingila. Ya bar ta ta karanta littattafansa tun tana ƙarama, abin da ba a saba yi wa 'ya'ya mata ba a zamanin. Tun ba ta cika shekara 13 ba ta auna gardamar ɓangarorin biyu da kanta, ta zaɓi shiga Ikkilisiyar Ingila. A 1688 ta auri Samuel Wesley, wanda daga baya aka ba shi aikin fasto a ƙauyen Epworth, a yankin Lincolnshire.

Zaman Epworth ba mai sauƙi ba ne. Ta haifi 'ya'ya 19, tara suka rasu tun suna jarirai. Goma suka girma, maza uku da mata bakwai. Albashin maigidan bai isa ba, bashi ya yi masa yawa, har a 1705 aka kulle shi a kurkukun Lincoln na 'yan watanni saboda bashi. Cikin wannan hali ne Susanna ta ɗauki nauyin karatun yaranta.

Ba ta bar karatu ga lokacin da aka sami sarari ba. Ta yanka masa sa'a shida kowace rana, daga ƙarfe 9 na safe zuwa 12 na rana, sa'an nan daga 2 zuwa 5 na yamma. Yaro yakan fara idan ya cika shekara biyar. Ana gobe zai fara, sai a gyara gida, a raba wa kowa aikinsa, a gargaɗi mutanen gida kada wani ya shiga ɗakin karatu a lokacin makaranta. Ranar fari ta koyon haruffa ce, kusan dukansu kuwa sun iya su a yini ɗaya. Mary da Anne ne suka kai yini ɗaya da rabi. Daga nan sai a buɗe Littafin Farawa sura ta fari. Yaro ya harhaɗa aya ta ɗaya, ya yi ta maimaitawa har ya karanta ba gargada, kafin ya wuce ta biyu.

A cikin ajin ba surutu, ba wasa. Ba mai tashi daga wurinsa ko ya fita waje sai da dalili da izini. Ita kuma ta biya nata da haƙuri. Ana ba da labari cewa wata rana mijinta ya ƙirga ta maimaita wa yaro abu ɗaya sau 20, ya yi mamaki. Ta nuna masa cewa da ta tsaya a na 19, da duk wahalarta ta zama banza, gama na ƙarshen ne ya zauna a kan yaron.

Ta kuma kafa dokokin gida, waɗanda ta rubuta wa John a wata wasiƙa a 1732. Yaron da ya amsa laifinsa ya yi alkawarin gyarawa ba a dukansa, domin ta lura tsoron duka ne ke koya wa yara ƙarya. Ba a horon yaro sau biyu kan laifi ɗaya. Idan ya yi abu da niyyar biyayya, ko bai yi daidai ba, a karɓa da fara'a a nuna masa yadda zai gyara. Kada wani ya taɓa kayan ɗan'uwansa, ko da allura ce. Ba a koya wa yarinya ɗinki sai ta iya karatu sosai, gama ta ga saurin sa 'yan mata aikin hannu ne ya sa mata da yawa a zamaninta ba su iya karatu da kyau ba. Horonta yana da tsanani, ta yi amfani da bulala tun yara suna ƙanana ƙwarai, kuma ba kowane mai bi ne zai yarda da ita a wannan ba. Amma yaranta sun san dokar kafin a hukunta su da ita.

Ran 9 ga Fabrairu, 1709, gobara ta cinye gidan da dare. John, yana da shekara biyar, ya maƙale a bene, sai da wani ya hau kafaɗar wani aka jawo shi ta taga kafin rufin ya faɗi. Ba wanda ya mutu, amma littattafai da kaya sun ƙone, aka rarraba yaran gidajen mutane. Da aka sāke gina gidan suka dawo, Susanna ta tarar sun kwaso baƙar magana da rashin ladabi, sun daina girmama ranar Lahadi. Aikin shekaru ya lalace cikin 'yan watanni. Ba ta fid da zuciya ba, ta sāke farawa. Ta ƙara rera Zabura a buɗewa da rufewar makaranta. Ta haɗa yaran biyu biyu, babba da ƙarami, babban ya karanta wa ƙaramin Zabura da sura ɗaya ta Tsohon Alkawari da safe, ta Sabon Alkawari kuma da ƙarfe 5 na yamma.

Ta gane kuma cewa aji kaɗai bai isa ba. Sai ta ware wa kowane yaro lokacinsa da dare sau ɗaya a mako, su zauna su yi zancen zuciyarsa da bangaskiyarsa. Alhamis ta John ce, Asabar ta Charles. Ta rubuta musu bayani kan Shaidar Bangaskiya ta Manzanni da Dokoki Goma. A sanyin 1711 zuwa 1712, da mijinta ya daɗe a Landan, ta riƙa yin sujada da iyalinta ran Lahadi da yamma. Maƙwabta suka fara zuwa har taron ya kai mutum 200.

Makarantar gida ba ta hana yaran fita ba. John ya tafi makarantar Charterhouse a 1714, Charles ya tafi Westminster, daga baya dukansu suka shiga Jami'ar Oxford. 'Yan matan ba su sami wannan dama ba, waɗansunsu kuma sun sha wuyar talauci da mugun aure. Aminci cikin tarbiyya ba alkawari ba ne cewa yaro ba zai sha wahala ba.

Samuel ya rasu a 1735. Susanna ta ƙare kwanakinta a wurin John a Landan, ta rasu ran 23 ga Yuli, 1742, tana da shekara 73, aka binne ta a maƙabartar Bunhill Fields. Shekara 100 bayan haka, a 1842, Thomas Birch Freeman na Metodis ya sauka Badagry da bishara.

'Yan'uwa cikin Almasihu, a Arewa yau akwai iyalan da rashin tsaro ya rufe makarantar 'ya'yansu, akwai kuma waɗanda kuɗin makaranta ya gagara. Ko a Gidan Dare cikin Sakkwato kake, ko a ƙauye, ka ga yadda maƙwabta ke tara yara a zaure su yi karatun allo a lokaci tsayayye. Maimaitawar Shari'a 6:6-7 ta ɗora wa iyaye nauyin koya wa 'ya'yansu maganar Allah. Susanna ba ta da kuɗi ko takardar malanta. Tana da ɗaki ɗaya, da Littafi Mai Tsarki, da sa'o'in da ta hana kowa taɓawa. Wanda ba zai iya sa'a shida ba, ya tsai da ɗaya, ya kashe rediyo da waya, ya shimfiɗa tabarma a wuri ɗaya kullum, ya sa babban yaro ya ja ƙaramin. Ubangiji ya ba iyayenmu haƙurin maimaitawa har sau na 20. Amin.