Marigayi Laftanar Kanar James Yakubu Pam (1933–1966)

A ranar 15 ga Janairu ta kowace shekara Nijeriya takan yi bikin Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. A Abuja da manyan biranen jihohi, har da Gusau, sojoji sukan yi fareti, shugabanni su ajiye furanni, a busa begila, a saki fararen tattabaru. Kafin ranar akan yi addu'o'i a masallatai ran Jumma'a, a majami'u kuma ran Lahadi. Da can, a zamanin Turawa da 'yan shekaru bayan samun mulkin kai, ran 11 ga Nuwamba ake yin wannan biki, domin a ranar ce Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tsaya a 1918. Daga baya aka mai da shi 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970.

Amma ya kamata ɗalibanmu su san cewa akwai wata 15 ga Janairun, wato ta 1966, wadda a cikinta aka shuka irin wannan yaƙi. Ga tarihin ɗaya daga cikin sojojin da suka rasa ransu a daren.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi James Yakubu Pam a Jos a shekarar 1933. Shi Birom ne, kuma Kirista. Bayan ya gama firamare sai ya sami shiga kwalejin gwamnati ta Zariya, wadda a yau ake kira Barewa. Wannan makaranta ita ke tara yara masu ƙoƙari daga dukan lardunan Arewa, saboda haka ɗan Jos ya zauna aji ɗaya da 'ya'yan Sakkwato da Katsina da Barno, suna cin abinci tare. Manyan hafsoshin Arewa na farko da yawa daga nan suka fito, kamar su Zakariya Maimalari da Yakubu Gowon.

A lokacin, kusan dukan hafsoshin sojan Nijeriya Turawa ne, iyaye da dama kuma suna ganin aikin soja na wanda ya kasa karatu ne. Duk da haka Pam ya zaɓe shi. Aka tura shi Sandhurst, babbar makarantar horar da hafsoshi ta Ingila, ya fito da igiyar hafsa a 1955. Ya ƙware a kan igwa, shi ne ma ɗan Nijeriya na farko da ya zama hafsa a wannan sashe. Aikin igwa kuwa ba ƙarfin damtse yake so ba. Lissafi ne, domin sau da yawa mai harbi ba ya ganin inda harsashinsa zai faɗa. Sai ya auna nisa da kusurwa da iska a kan taswira. Masu gudun darasin lissafi sai su lura.

Aikinsa a ƙasashen waje

Da rikici ya ɓarke a Kwango bayan ta sami 'yanci a 1960, Majalisar Ɗinkin Duniya ta aika da dakarun kiyaye zaman lafiya, Pam yana cikin sojojin Nijeriya da suka yi aiki a can. Amma aikin da ya fi fito da sunansa shi ne na Tanganyika. A watan Janairu na 1964 sojojin wannan ƙasa suka yi bore, suna neman ƙarin albashi da a sallami hafsoshinsu Turawa. Shugaba Julius Nyerere ya rasa yadda zai yi, sai da ya kira sojojin Ingila suka kwantar da boren. Abin ya yi masa nauyi, domin ƙasar da ta rabu da mulkin Turawa kwanan nan ita ce ta sake neman su. Sai ya roƙi 'yan'uwansa na Afirka su karɓi aikin. Nijeriya ta amsa, ta aika da Bataliya ta 3, Laftanar Kanar Pam ne kwamandanta. Suka tsare ƙasar na wasu watanni yayin da ake rushe tsohuwar runduna ana kafa sabuwa, suka dawo gida a cikin shekarar da mutuncinsu. Suna can ne Tanganyika ta haɗu da Zanzibar aka sami Tanzaniya.

Bayan wannan aka naɗa shi Adjutan Janar a hedkwatar soja da ke Legas, muƙamin da Gowon ya riƙe kafin shi. Wannan ofishi shi ke kula da ɗa'ar sojoji da ƙarin girmansu da jin daɗinsu.

Rasuwarsa

Da tsakar daren wayewar Asabar, 15 ga Janairu 1966, wasu ƙananan hafsoshi, yawancinsu masu muƙamin manjo, suka yi yunƙurin juyin mulki. Sojoji suka je gidan Pam a Ikoyi, suka fita da shi a gaban iyalinsa, kafin gari ya waye an harbe shi. Shekarunsa 32, ya bar mata da 'ya'ya shida ƙanana. Mutumin da ya je har Gabashin Afirka don gyara ɓarnar bore, bore ne ya kashe shi a gida, a hannun waɗanda ke ƙasa da shi.

Ba shi kaɗai ba ne. A daren aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, da Firimiyan Yamma Samuel Akintola, da Ministan Kuɗi Festus Okotie-Eboh. Cikin sojoji akwai Birgediya Maimalari da Kanar Kur Mohammed da Laftanar Kanar Abogo Largema daga Arewa, akwai Birgediya Samuel Ademulegun da Kanar Ralph Shodeinde, Yarbawa, akwai kuma Laftanar Kanar Arthur Unegbe, wanda shi Ibo ne. Duk wanda ya karanta sunayen nan zai ga Musulmi da Kirista kwance tare.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. Saboda yawancin masu juyin mulkin Ibo ne, fushi ya tashi a Arewa. Ran 29 ga Yuli 1966 sojojin Arewa suka rama, suka kashe Shugaban Ƙasa Janar Aguiyi-Ironsi da hafsoshi da dama. A garuruwan Arewa aka kashe dubban Ibo, 'yan kasuwa da ma'aikata waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Yaƙi ya fara a Yuli 1967, ya ɗauki wata 30, an ƙiyasta ya ci rayuka fiye da miliyan ɗaya, da yawansu yara ne da yunwa ta kashe. Ramuwar ba ta mai da wa 'ya'yan Pam ubansu ba, marayu kawai ta ƙara.

Abin da za mu koya

Ya ku ɗalibai, wannan labari bai yi nisa da mu ba. A ƙasashen Anka da Gummi da Bukkuyum mun san yadda satar shanu da kisan mutum ɗaya ke zama ƙone ƙauye, ƙone ƙauye ya jawo wani. Mun ga sojojin da ake kawowa daga kowane ɓangare na Nijeriya don su tsare mu, waɗansunsu ba su koma wurin iyalansu ba. Su ma wannan rana tasu ce.

Tunawa da matattu iri biyu ce. Akwai mai tunawa don ya wasa wuƙa, akwai mai tunawa don kada abin ya sake faruwa. Da yaƙi ya ƙare, Gowon, wanda shi ma da ƙyar ya tsira a daren da aka kashe Pam, ya bayyana cewa babu wanda ya ci wani, ya buɗe ƙofar sulhu. In 15 ga Janairu ta zagayo, mu tuna da James Yakubu Pam da abokan aikinsa, mu yi wa gwauraye da marayun sojoji addu'a, mu taimake su da abin da muke iyawa. Allah ya ba ƙasarmu salama, amin.