Ethel Waters: Idon Allah Yana Kan Gwara

Karatu: Matiyu 10:29-31

An haifi Ethel Waters ranar 31 ga Oktoba, 1896, a garin Chester na jihar Pennsylvania a Amurka. Mahaifiyarta yarinya ce ƙarama da aka yi wa fyaɗe. Ethel ta tashi cikin tsananin talauci, yau tana wannan gida, gobe tana wancan. Tana da shekara 13 ta yi aure, amma mijin ya yi ta wulaƙanta ta. Da ta rabu da shi, sai ta kama aikin shara da gyaran ɗakuna a wani otal a Philadelphia.

Allah kuwa ya ba ta murya. Waƙa ta kai ta birnin New York, daga nan ta shiga fim. A 1929, lokacin da fim mai magana yake sabon abu, ta fito a On with the Show. A zamanin nan wariyar launin fata ta yi ƙarfi ƙwarai, baƙar mace ba ta cika samun wani matsayi a fim ba sai na 'yar aiki ko mai dafa abinci. Duk da haka Ethel ta yi fice. Ta fito a Cabin in the Sky a 1943. A fim ɗin Pinky na 1949 ta fito a matsayin kaka mai sana'ar wanki, har aka sa sunanta cikin masu takarar lambar Oscar. Ita ce baƙar mace ta biyu da ta kai wannan matsayi, bayan Hattie McDaniel.

Amma suna da tafi ba su ba ta hutun zuciya ba. Bayan 1950 aiki ya ragu, bashin haraji ya taru mata, jiki kuma ya fara ƙi. A 1957 ta halarci taron wa'azin Billy Graham a Madison Square Garden na New York. A can ta sāke miƙa ranta ga Yesu, ta shiga ƙungiyar mawaƙan taron. Kusan shekara 20 ta yi tana waƙa a tarurrukan bishara. Waƙar da aka fi saninta da ita, His Eye Is on the Sparrow, tana magana a kan Allah mai lura da gwara, ita ce kuma sunan littafin tarihinta na 1951. Ta rasu ranar 1 ga Satumba, 1977, a California, tana da shekara 80.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, wataƙila kai ma mutane sun raina asalinka. Yarinyar nan da aka haifa cikin baƙin ciki, Ubangiji bai taɓa kawar da idonsa daga kanta ba. Kai ma yana ganinka.

Addu'a: Ya Uba, ka tuna mana darajarmu a wurinka, a ranar yabo da ranar raini. Cikin sunan Yesu, amin.