James B. Lansing: Mutumin da sunansa ke jikin sifikarka

Duba sifikar Bluetooth ɗin da ke ɗakinka, ko wadda DJ ya kafa a bikin da ka je kwanan nan. Akwai yiwuwar ka ga haruffa uku a jikinta: JBL. Ko ta asali ce ko kwafi ce da aka sayar maka a matsayin ta asali, haruffan dai su ne. To ka san cewa sunan mutum ne? James Bullough Lansing, Ba'amurke ne da ya mutu tun 1949, yana da shekara 47, bashi ya yi wa kamfaninsa katutu. Bai ga ko ɗaya daga cikin kuɗin da sunansa ke kawowa yau ba. Idan kana cikin masu musu a Facebook kan wace sifika ta fi wace, zauna ka ji tarihinsa, domin amsar musun naku tana ciki.

An haife shi a watan Janairun 1902 a jihar Illinois ta Amurka, kuma sunan da iyayensa suka sa masa James Martini. Babansa injiniya ne a ma'adinan kwal, aikin da ke sa iyali yawan ƙaura. Su goma sha huɗu ne a gidan, shi ne na tara. Yana yaro ya taɓa zama a hannun wani iyali da ake kira Bullough, daga nan ya samo sunansa na tsakiya. Lansing kuma shi ya ƙara wa kansa bayan ya girma.

Tun yana ƙarami ya nuna irin yaran nan ne da ba sa barin kayan lantarki su huta. Yana da kimanin shekara 12 ya haɗa na'urar aika saƙon rediyo da hannunsa, ta yi ƙarfin da sansanin sojojin ruwa na Great Lakes suka kama siginarta. Suka bi sawu har suka gano yaro ne, suka sa aka kwance ta. Bai yi digirin injiniya ba. Bayan makaranta ya yi kanikancin mota, har ya je Detroit ya ƙaro ilimin gyaran injin. Riƙe wannan a ranka, domin hannun bakanike da ya iya sarrafa ƙarfe daidai gwargwado shi ne jarinsa har ƙarshen rayuwarsa.

Mahaifiyarsa ta rasu a 1924, sai ya bar gida ya nufi Salt Lake City. A can ya yi aiki a gidan rediyo, ya haɗu da Glenna Peterson wadda ta zama matarsa, ya kuma haɗu da wani mai suna Ken Decker. Decker ya iya lissafi da ciniki, Lansing ya iya ƙira. Suka haɗa kai, a 1927 suka koma Los Angeles suka buɗe Lansing Manufacturing Company, suna yin ƙananan sifiku masu faɗin inci shida da takwas don akwatunan rediyo.

A wannan shekarar ce fim ɗin The Jazz Singer ya fito, finafinai suka fara magana. Nan fa aka shiga matsala. Ka ɗauki zauren silima mai cin mutum dubu ko fiye. Ana so wanda ke kujerar ƙarshe ya ji raɗar da jaruma ta yi, daga sifikar da ke ɓoye a bayan allon fim. Amfilifayar wancan zamani kuwa da ƙwan gilashi take aiki, ƙarfinta 'yan wat kaɗan ne, abin da matashin yau zai yi wa dariya. Tunda ba a da ƙarfin wuta mai yawa, dole sifika ta zama mai tattali: a ba ta kaɗan ta fitar da ƙara mai yawa.

Dabarar ita ce ƙaho. Ka taɓa dunƙule hannuwanka a baki don ka kira wani daga nesa? Muryarka ba ta ƙaru ba, amma ta fi zuwa inda kake so. Haka ƙahon sifika yake yi. Yana fara da ƙaramin baki ya buɗe a hankali, ya sa ɗan motsin da ke ciki ya tura iska da kyau, ya kuma tattara sautin ya nufi masu kallo maimakon ya watse a rufi da bango. Lasifikar da ake kafawa a kan mota lokacin talla a kasuwa jikar wannan dabara ce.

Kamfanin Western Electric ne ke riƙe da kasuwar sautin silima a lokacin, amma ma'aikatan kamfanin fim na MGM ba su gamsu da kayansa ba. Wani injiniyansu, John Hilliard, ya lura da wani abu yayin da ake sauraron rawar taka ƙafa ta jaruma Eleanor Powell: duk taku ɗaya sai a ji shi kamar biyu. Aka duba naɗin sautin, lafiyarsa ƙalau. Ashe daga sifika ne. Ƙahon da ke fitar da wani sashe na sautin ya fi ɗan uwansa tsawon hanya sosai, shi kuwa sauti tafiya yake yi, kusan mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Wanda hanyarsa ta fi tsawo sai ya iso kunne a makare.

Shugaban sashen sauti na MGM, Douglas Shearer, ya haɗa tawaga don ƙera sabon tsari, aka ba kamfanin Lansing aikin ƙera sifikun da za su shiga ciki. Abin da ya fito ana kiransa Shearer Horn. An raba aikin gida biyu: manyan sifiku masu faɗin inci 15 a cikin babban ƙahon katako suna ɗaukar sauti mai kauri, wanda muke ce wa bes, sai wani ƙaho mai ɗakuna-ɗakuna a sama yana raba siririn sauti ga kowane ɓangare na zauren. Tsarin ya ci lambar yabo ta fasaha daga hukumar da ke ba da kyautar Oscar, ta shekarar 1936. Lambar ta tafi ga Shearer da sashensa, amma duk wanda ke cikin harkar ya san hannun da ya yi kayan cikin. A 1937 Lansing ya fitar da ƙaramin samfuri mai suna Iconic, wanda ɗakunan naɗar sauti suka ɗauka don jin ainihin abin da suka naɗa.

Sai kuma abu ya juya. A 1939 Ken Decker ya mutu a haɗarin jirgin sama. Mai riƙe da littafin kuɗi ya tafi, ya bar mai ƙira shi kaɗai. Cikin shekara biyu kamfanin ya durƙushe. A 1941 wani kamfani mai gyaran kayan sautin silima, Altec Service, ya saye shi a kan dala 50,000, har da sunan. Aka koma kiransa Altec Lansing, shi kuma Lansing ya zama mataimakin shugaba mai kula da ƙira, da yarjejeniyar shekara biyar.

Waɗannan shekaru biyar sun yi masa kyau ta fuskar aiki, tunda ba shi ke tunanin albashin ma'aikata ba. Shi da Hilliard suka fitar da jerin sifikun silima da ake kira Voice of the Theatre, waɗanda suka yi shekaru da dama suna aiki a gidajen kallo. A zamanin ne kuma aka yi samfurin 604, wanda aka dasa ƙaramin ƙaho a tsakiyar babbar sifika don bes da siririn sauti su fito daga wuri ɗaya, su iso kunne tare.

Bari in nuna maka inda kanikancin nan ya yi rana. A cikin kowace sifika akwai waya da aka naɗe kamar zare a ƙwarya, tana zaune a cikin ɗan siririn gibi na maganaɗisu. Wuta daga amfilifaya ta bi wayar, wayar ta yi gaba ta yi baya, ta girgiza faifan takardar da ke gaba, iska ta motsa, kai kuma ka ji waƙa. Waya mai zagaye idan aka naɗe ta tana barin 'yan gurabe tsakaninta. Lansing ya ƙware wajen murje wayar ta zama shimfiɗaɗɗiya kamar kintinkiri, a naɗe ta a kan gefenta, ta yadda waya mai yawa za ta shiga gibi ɗaya. Sakamakon shi ne ƙara ta fi yawa da wuta iri ɗaya. Aiki ne na haƙuri da awo, kuma injinan yin sa ma shi ya tsara su.

Da wa'adinsa ya cika a 1946 ya fita ya buɗe nasa, Lansing Sound. Altec suka ce ba su yarda ba, ai sunan Lansing sun riga sun saya. Ka ji fa: mutum da sunansa, amma sai ya nemi hanyar amfani da shi. Aka daidaita a kan ya sa cikakken sunan, James B. Lansing Sound. Daga nan haruffan JBL suka samo asali. Duk mai shirin sa hannu a takarda da wani kamfani don ya samu kuɗin gaggawa, mawaƙi ne ko mai bidiyo a TikTok, ya karanta wannan wurin sau biyu.

A sabon kamfanin ya yi fitacciyar sifikarsa, D130, mai faɗin inci 15, da naɗin waya mai faɗin inci huɗu da maganaɗisun Alnico V. Da wat ɗaya kacal tana ba da ƙara sama da desibel 100 a tazarar mita ɗaya, alhali yawancin sifikun falo na yau suna tsakanin 85 da 90 ne.

Ga amfanin wannan lissafi gare ka. Idan ka ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu, desibel uku kawai ka ƙara, kunnenka zai ji an ɗan ƙara ne kawai. Kafin ka ji kamar ƙarar ta ninka, sai ka ba da wuta kusan sau goma. Ke nan sifika mai desibel 100 da aka ba wat 10 za ta yi ƙara daidai da mai desibel 90 da aka ba wat 100. Shi ya sa lambar wat da aka rubuta da manyan baƙaƙe a jikin kwali ba ta isa ta gaya maka wace sifika ta fi ba. Kuma ƙaramar amfilifaya da aka murɗa har ƙarshe, tana ta karce sauti, ita ma tana ƙona sifika, musamman ƙaramar da ke ɗaukar siririn sauti.

Ɗaki ma yana da ta cewa, kamar yadda zauren silima ya koya wa su Lansing. Abin da kake ji a zaune gauraye ne na sautin da ya zo kai tsaye da wanda ya bugi bango ya dawo. Ɗakin siminti mai tayil, ba labule ba kafet, zai sa siririn sauti ya yi kaifi, magana ta riƙa hawa kan juna. Ka shimfiɗa kafet, ka rataye labule mai kauri, ka sa kujerun kushin, sai ka ji ta lafa. Ka tura sifika cikin kusurwa, bes zai ƙaru, wani lokaci har ya rufe muryar mawaƙi. Ka fito da ita tsakar gida, bes ɗin ya ragu saboda babu bangon da zai taya ta. Don haka idan za ka gwada sifika biyu, ka aje su wuri ɗaya, a ɗaki ɗaya, da waƙa ɗaya wadda ka sani sosai, ka kuma daidaita ƙararsu. Kunne yana da son kai: wadda ta ɗan fi ƙara ita zai ce ta fi daɗi, kuma masu shago sun san haka.

Kayan Lansing sun yi kyau, amma kuɗi ba su shigo ba. Kamfanin jiragen sama na Marquardt ya tallafa masa da wurin aiki, ma'ajinsu William Thomas ya shigo cikin harkar, duk da haka bashi ya ci gaba da hawa. Shi kuma mutum ne da ya daɗe yana fama da lokutan damuwa mai tsanani. A watan Satumban 1949, a gidansa da ke San Marcos a Kalifoniya, ya kashe kansa. Ciwon damuwa ciwo ne na gaske da ake magani, kuma yana kama masu hazaƙa kamar kowa. Idan kana da aboki da ya yi shiru fiye da yadda ka san shi, ka neme shi, kada ka tsaya jiran ya yi magana.

Ya bar inshorar rayuwa ta dala 10,000 da sunan kamfanin. Da wannan kuɗi Thomas ya tsayar da shi a kan ƙafafunsa. A 1954 suka fitar da Hartsfield, sifikar da aka tsara don a aje ta a kusurwa, bangon ɗakin ya zama wani ɓangare na ƙahonta, sai Paragon a 1957. Daga baya kamfanin Fender ya sa wani nau'in D130 a amfilifayar masu kaɗa gita. A 1969 Sidney Harman ya sayi JBL, a 2017 kuma Samsung na Koriya ta Kudu ya sayi kamfanin Harman baki ɗaya a kan kusan dala biliyan takwas. Altec Lansing ma har yau ana sayar da kaya da sunan.

Ɗan gwaji kafin mu rabu. Ɗauki sifikarka, ko ma wace iri ce, ka kunna waƙa ɗaya a tsakiyar ɗaki, ka mai da ita kusurwa, sannan ka fita da ita waje, ba tare da ka taɓa maɓallin ƙara ba. Ka gaya mana a ina ta fi yi maka daɗi.