Marigayi Alhaji Adamu Ɗanmaraya Jos, Mai Tsarkiya Ɗaya

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wani abu da na gani kwanakin baya, lokacin da ofishinmu ya tura ni taron ƙara wa juna sani a Abuja. A daren rufe taro aka kawo makaɗa huɗu sanye da baƙaƙen kwat, suka zauna kowa da takarda a gabansa. Biyu suna riƙe da ƙananan goge irin na Turawa, na uku nasa ya ɗan fi girma, na huɗu kuwa don girman nasa sai da ya kafa shi a ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Kowane goge tsarkiya huɗu gare shi, ka ga tsarkiya 16 ke nan a hannun mutum huɗu. Wannan tsari ya daɗe a Turai. Wanda ya kafa shi da gindinsa shi ne Joseph Haydn, mutumin ƙasar Ostiriya da ya rasu a 1809, wanda shi ma makaɗin fada ne, domin ya yi kusan shekara 30 yana yi wa gidan sarautar Esterhazy aiki. Masu wannan sana'a kan fara tun suna yara, su shafe shekaru a makarantun koyon kiɗa kafin a yarda su zauna gaban jama'a. Na saurara, na kuma yaba. Amma zuciyata sai ta koma ajinmu, ranar da malamin Hausa ya shigo da rikoda ya sa mana kaset ɗin wani mutum wanda tsarkiyarsa ɗaya tak, bai kuma taɓa shiga ajin kiɗa ba.

Sunansa na yanka Adamu, sunan mahaifinsa Wayya. An haife shi a 1946 a Bukuru, kusa da Jos, garin da haƙar kuza ta tara Hausawa da sauran ƙabilu daga ko'ina. Mahaifinsa makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukuru, amma Allah bai nufa ɗan ya koyi komai a hannunsa ba, don ya rasu jim kaɗan bayan haihuwar yaron. Mahaifiyar ita ma ta bi shi tun Adamu yana jariri. Sarkin ne ya ɗauke shi ya riƙe. Daga nan sunan Ɗanmaraya ya samo asali, ya kuma danne sunan yanka har ƙarshen rayuwarsa.

A nan akwai abin lura. A al'adar ƙasar Hausa kiɗa gado ne. Ɗan makaɗi yakan tashi cikin ƙungiyar ubansa, ya fara da ɗaukar kaya, ya shiga sahun 'yan amshi, ya riƙe ƙaramin kalangu ko kotso, sai bayan shekaru masu yawa ya zama jagora. Yakan kuma gaji ubangidan da ubansa ke yi wa waƙa. Maraici ya yanke wa Adamu wannan hanya. Babu ƙungiyar da zai gada, babu kayan kiɗan da aka ajiye masa. Sha'awa ce kawai ta riƙa jan sa wajen makaɗan gari. Tun bai balaga ba ya yi wata tafiya zuwa Maiduguri, inda makaɗan can suka burge shi, shi ma ya zauna ya haɗa nasa kuntigin.

Ga waɗanda suka manta, kuntigi ba wani abu ba ne illa gwangwanin kifin sadin da aka rufe bakinsa da fatar akuya, aka soka masa ɗan siririn sanda, aka ɗaura tsarkiya guda. A cikin dangin kayan kiɗanmu masu tsarkiya shi ne auta. Ga goge mai izgar doki, ga kukuma ta su Ibrahim Nahabu da Ahmadu Doka, ga garaya ta maharba, ga kuma gurmi wanda namu na Jigawa, Haruna Uji na Haɗeja, ya riƙe. Kowannensu ya fi kuntigi kwarjini a ido. Shi kuntigi ko a aljihun babbar riga sai ya shige.

To, a ganina wannan ƙanƙanta ita ce ta ba shi 'yanci. Mawaƙin da ke da ƙungiyar mutum goma, tilas ya nemi wanda zai ciyar da mutum goman nan, wato sarki ko attajiri, kuma tilas waƙarsa ta bi son ran mai bayarwa. Ɗanmaraya shi kaɗai yake tafe. Shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, ba ɗan amshi, ba sanƙira. Saboda haka ya sami damar duban inda sauran ba su cika duba ba. Waƙar da ta fara fito da shi, wadda har yau ba ta tsufa ba, ita ce ta Karen Mota. Ku tuna fa, a zamanin da su Narambaɗa da Ɗanƙwairo ke wasa sarakuna da kotso, ga wani yaro ya ɗauki gwangwani yana wasa wanda ke ɗaure kaya, ya sa katako a bayan taya in mota ta tsaya a hawa, ya kwana a ƙarƙashinta yana gadi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Shuwarin ya ga manyan motocin da ke bin hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san irin mutanen da nake nufi. Kowa na ganinsu, ba mai gaishe su. Ɗanmaraya ya sa sunan sana'arsu ya shiga rediyo.

Daga bakin titi sai ya shiga cikin gida. Waƙoƙinsa irin su Jawabin Aure da Auren Dole da Gulma Wuya sun taɓa abubuwan da ake jin nauyin faɗa a fili. A ta farko ya yi magana kan rikicin miji da mata da ɓarnar da saki ke jawowa, a ta biyu ya soki iyayen da ke aurar da yarinya ga wanda ba ta so, a ta uku kuma ya nuna yadda mai tsegumi ke shiga tsakanin mutane ya raba su. Abin da ya fi ba ni mamaki, yanzu da na girma na sake saurare, shi ne dabarar da ya bi. Tunda ba shi da abokin amshi, sai ya riƙa arar bakin kowa. Ya ari bakin miji, ya ari na mata, ya koma gefe ya zama dattijo mai sulhu, kuntigi kuma yana biye da shi ba ya yankewa. Makaɗan nan huɗu na Abuja, an ce daɗin kiɗansu shi ne yadda gogunan ke zance da juna, wannan ya faɗa wancan ya amsa. To, shi ma zancen yake haɗawa, sai dai a maƙogwaro ɗaya.

Na tuna a wancan darasi wasu daga cikinmu sun yi ta dariya, don a lokacin waƙoƙin fina-finan Kano masu fiyano ne ke tashe, muna ganin kuntigi kayan tsofaffi ne. Ni ma ina cikin masu dariyar. Sai da wata 'yar uwata ta shiga halin da waƙar Auren Dole ke magana a kai na gane mutumin nan ba wasa yake yi ba.

Kada kuma a ce na mai da shi waliyyi. Ɗanmaraya mawaƙi ne mai neman abinci da sana'arsa, ya yi wa manya da masu hannu da shuni waƙa kamar kowane mawaƙi. A lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi waƙoƙin ƙarfafa gwiwar sojojin tarayya, abin da ya kusantar da shi ga hukuma, ya kuma kai sunansa wuraren da Hausa ba harshen gida ba ce. Daga baya ya fita ƙasashen waje da dama da ɗan kuntiginsa. Gwamnatin tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, sannan ta OON, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba shi lambar yabo ta zaman lafiya, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa na Dakta. Mu da muka sha wahalar jarrabawa kafin mu sami digiri ɗaya mukan yi gunaguni in an ba wani na girmamawa, amma wannan kam ban ji zafinsa ba. Ɗalibai nawa ne suka rubuta kundin kammala karatu a sassan Hausa na jami'o'inmu a kan waƙoƙinsa?

Duk da rikice-rikicen da Jos ta sha a 2001 da 2008 da 2010, waɗanda suka sa mutane da yawa suka kwashe iyalinsu suka bar garin, shi a Jos ya ci gaba da zama, garin da ya liƙa wa sunansa. A can ya rasu ranar Asabar, 20 ga Yuni, 2015, a farkon watan azumi, bayan ya yi jinya, yana da shekara 68.

Da na dawo daga Abuja na zagaya wajen masu tura waƙoƙi a waya a nan Dutse, na tarar waƙoƙinsa suna nan, direbobi da masu shayi suna saye. Amma da na tambayi wani yaro a shagon ko ya san da me ake yin wannan kiɗan, sai ya ce mini ai da kwamfuta ne. Na kwatanta masa gwangwanin sadin da fatar akuya, ya dube ni yana tsammanin zolayarsa nake yi.

Allah ya jiƙan Alhaji Adamu Ɗanmaraya, ya gafarta masa kurakuransa, amin.