Fodeba Keita (1921–1969): Mawaƙin da Kurkukun Gwamnatinsa Ya Cinye

An haifi Fodeba Keita a garin Sigiri na ƙasar Gini a shekarar 1921, cikin al'ummar Malinke. Ya yi karatun koyarwa a makarantar William Ponty ta Senegal, sa'annan ya tafi Faris a 1948. A can ne ya haɗa ƙungiyar makaɗa da 'yan rawa wadda ta zama Les Ballets Africains, ta zagaya duniya da kiɗan Afirka ta Yamma.

Manazarta adabi sun fi saninsa da Aube africaine, waƙar da ya tsara bisa salon maroƙan Mande, inda zance da kiɗa ke karɓa wa juna. Jigonta shi ne kisan Thiaroye na 1944, lokacin da Faransawa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga yaƙi suna neman haƙƙinsu. Frantz Fanon ya kafa hujja da ita a littafinsa na 1961 a matsayin misalin adabin da ke farkar da jama'a.

Da ya koma gida, ya zama ministan cikin gida a 1957, kuma bayan samun 'yancin kai a 1958 Seku Ture ya danƙa masa harkokin tsaro. A nan ne tarihinsa ya yi nauyi. Jam'iyyar PDG ita kaɗai ce halaltacciya, kwamitocinta sun shiga kowace unguwa, kuma duk 'yan shekaru sai a sanar da an bankaɗo wata maƙarƙashiya, a kama malamai, 'yan kasuwa ko hafsoshi. A zamaninsa ne barikin Camayenne da ke Konakiri ya zama wurin tsare 'yan siyasa, inda ake tatsar ikirari ta hanyar azabtarwa, wasu kuma a kulle su ba ci ba sha har rai ya yi halinsa. Da wuya a wanke shi daga wannan. Hannun da ya rubuta makokin Thiaroye yana cikin waɗanda suka tsara wurin.

A 1965 aka sauke shi daga tsaro. A watan Maris na 1969 aka kama shi bisa zargin haɗa baki da Kanar Kaman Diaby, aka kai shi barikin nan, wanda a shekarar ne aka raɗa masa suna Boiro. An kashe shi a watan Mayu, ba a kuma ba iyalinsa gawarsa ba. Ƙofofin Boiro ba su buɗe ba sai a 1984, bayan rasuwar Seku Ture.