Willem Einthoven, likitan da ya sa zuciya ta yi rubutu

An haifi Willem Einthoven ran 21 ga watan Mayu 1860 a garin Semarang, cikin tsibirin Jaba, a ƙasar da ake kira Indonesiya yanzu. A zamanin nan mutanen Holanda ke mulkin tsibirin. Ubansa likita ne, amma ya rasu tun Willem yana da shekara 6. A 1870 uwarsa ta kwashe ƴaƴanta ta koma Holanda. Can ya yi karatun likita a garin Utrecht. A 1886 ya fara koyarwa a jami'ar Leiden, inda ya yi aiki har ƙarshen ransa.

Tun kafin shi masana sun gane cewa duk sa'ad da zuciya ta buga, tana fid da ɗan lantarki wanda ke bazuwa cikin jiki har ya kai fata. Amma lantarkin nan ba shi da ƙarfi, auna shi sai da wuya. Einthoven ya yi shekaru yana neman dabara. A 1901 ya ƙera wata na'ura mai zare wanda ya fi gashin kai siranta. Ya shafe zaren da azurfa, ya miƙe shi tsakanin bakin wani babban mayen ƙarfe. In lantarkin zuciya ya bi zaren, sai zaren ya yi rawa, inuwarsa ta bar layi mai hawa da sauka bisa takardar hoto. Nauyin na'urar ya kai kamar kilo 270, kuma sai mutum 5 sun haɗu kafin ta yi aiki.

Sauran abu guda: a ina za a haɗa wayoyi da jikin mutum? In yau an sa su nan, gobe an sa su can, zanen yana bambanta ko da zuciyar ɗaya ce. Likita ba zai san ko ciwo ne ya canza zanen ba, ko wurin waya. Saboda haka Einthoven ya tsai da wuri uku: hannun dama, hannun hagu da ƙafar hagu. Suna kewaye da zuciya kamar yadda duwatsun murhu ke kewaye da gindin tukunya. Marar lafiya yana tsoma su cikin bokitai na ruwan gishiri, don lantarki yana bin ruwan gishiri da sauƙi. Ana auna gaɓoɓin biyu biyu, a sami zane uku. Da wannan ƙa'ida likitan Leiden da na wata ƙasa suka iya gwama zanensu su fahimci juna.

A 1924 aka ba shi lambar girma ta Nobel. Ya rasu a Leiden ran 29 ga watan Satumba 1927.

Yau na'urar ta ƙanƙance, mutum ɗaya na iya ɗaukar ta. An bar bokitai. Ana liƙa waya 10 a fata: 4 a hannuwa da ƙafafu, 6 a ƙirji. Ma'aikacin asibiti yana lalubar haƙarƙari yana ƙirgawa kafin ya liƙa na ƙirji. In ya musanya wayar hannun dama da ta hagu, wani zanen yana fitowa a kife, har a zaci mai lafiya yana da ciwon zuciya. Shi ya sa har yanzu ake koya wa kowane sabon ma'aikaci wuraren nan uku na Einthoven.

Tambayoyi
1. A ina aka haifi Einthoven?
2. Waɗanne gaɓoɓi uku ya zaɓa?
3. Mi ke faruwa in an musanya wayoyin hannuwa?